Zanen Daso

Iku, Suleja
Asabar, 3 ga Agusta

Zuwa ga Malam Titus,

Sallama. Na gaishe ka ne don haka iyayena suka koya mini, ba don zuciyata ta so ba. Shekara goma sha biyar ke nan magana ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ba ta fita ba, ba ta wuce ba. Wannan ce takarda ta huɗu da na aiko maka. Uku na farko da ƙafata na kai su makarantar da ka koyar, mai gadi ya karɓa ya ce za a tura. Ko an tura, ko akuya ta cinye, oho. Sai makon jiya Dokas mai sayar da manja ta ce mini ai kana Zonkwa da ranka, kuma Callistus mai motar Kafanchan ya san ƙofar gidanka.

Ni ne Ɗantala na Iku, mai gonar bakin rafi, in ka manta. Ka san ban yi boko ba. Mu'azu tela ne ke rubutawa a kan teburin da yake yanka, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya yi wa maganata guga.

Ranar da na fara ganinka na ɗauka safiyo ne, mai awon ƙasa. Kana zaune kan 'yar kujerar ninkewa a gefen kunyata, katako a gwiwa, ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya kana auna gonata kamar maharbi. Na taho da fartanya a kafaɗa, ba da niyyar noma ba. Ka yi dariya ka ce, "Mai gona, ba ƙasarka nake aunawa ba, tsayin ɗorawa nake gwadawa da na rumbu." Ka juyo mini takardar. Wallahi ɗorawata ce, har da reshen da tsawa ta karya. Na ajiye fartanya.

Damina huɗu kana zuwa duk Asabar. Kakan iso kafin raɓa ta bushe, ka ce hasken safe ya fi gaskiya. Kakan roƙi gawayi a murhunmu, ka goga da babban yatsa har hadari ya taso a kan takarda. Ruwa ya sha korarka ka gudu ƙarƙashin rumbu da katakonka cikin riga kamar mai ɓoye jariri. Mutanen gari suka ce me wannan malamin coci yake nema a gonar Ɗantala, na ce ku bar shi, mahaukaci ne mara duka. Matata Daso takan kawo mini kunu da dafaffiyar gyaɗa, na ce ta riƙa ƙarawa da kai. Sharaɗi ɗaya tak na kafa maka. Na ce dawa taka ce, dutse naka ne, rumbu da rafi duk ka kwashe, amma duk mai rai da ke gonata ka kiyaye hannunka daga gare shi. Ka ɗora hannu a ƙirji ka ce ka yi alkawari.

Shekara biyu bayan ka bar Suleja Daso ta kwanta a asibiti. Ranar da ta cika ba na kusa, na dawo gida ɗauko kaya. Da na koma sai wata nas ta miƙo mini 'yar takarda, ta ce saƙon da marigayiya ta bari ne, ita ta rubuta mata. Na kawo wa Mu'azu ya karanta. Har yau tana cikin aljihun 'yar sharata, ga abin da ke ciki, ya kwafa maka:

"A gaya wa baban Bara'atu zanena yana wurin Malam Titus. A karɓo masa. Ya yafe mini."

To, Malam, ni ba yaro ba ne. Da liman ya tambaya a gaban gawa ko akwai mai riƙe da ita a zuci, na yi shiru, aka ɗauka kuka ne ya hana ni magana. Tun ranar ban taka kushewarta ba. Ban gaya wa kowa dalili ba, daga ni sai wannan telan sai Allah.

Yanzu autarmu Bara'atu cikinta ya tsufa, yau ko gobe. Mijinta Salisu ya ba ni zaɓin suna, ita kuma ta ce in mace ce sunan uwarta take so a mayar. Ba zan raɗa wa jinina sunan da ban san me ke bayansa ba.

Tambaya ɗaya ce. Me ya kai zanen matata ɗakinka?

Ni ne,
Ɗantala Iku

*

Zonkwa
Talata, 13 ga Agusta

Zuwa ga Baba Ɗantala,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya damina, yaya mai jiki Bara'atu? Allah ya sauke ta lafiya.

Sunana Debora, ni ce 'yar Malam Titus ta biyu. Kada ka ji haushi da ba shi ya amsa da hannunsa ba. Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ka sani yana aiki da shi ba ya ko riƙe cokali. Magana ma da ƙyar take fita, sai mu da muka saba muke ganewa. Wasiƙunka uku na baya ba su taɓa zuwa hannunmu ba.

Na karanta masa taka sau biyu. Da na kai wurin fartanya a kafaɗa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mai gona!" Da na kai wurin rasuwar Mama Daso sai ya juya fuska bango. Bai san ta rasu ba, Baba. Yau ya fara ji. Muna yi maka ta'aziyya, ko da ta zo a makare.

Game da tambayarka, ga abin da na iya tsinta daga bakinsa. Ya ce haka ne, zanen yana wurinsa. Ya ce ya san ya karya alkawarin da ya yi maka, kuma abin ya daɗe yana damunsa. Amma ya ce ita ce ta roƙe shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ya kasa ƙi. A gindin ɗorawa abin ya faru, wata Asabar da ka sauka kwari kana maimai, bai kuma fi awa ɗaya ba. Ta ce ya riƙe a wurinsa, don in ka gani a gida za ka ƙone shi.

Baba, in wannan zai rage maka zafi, ba nata kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike take. Na matan Iku kaɗai sun fi talatin, masu ɗauko itace, masu wanki a rafi. Ya shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya cikin leda saboda gara. Mamarmu kafin ta rasu takan yi masa tsiya a kai, ta ce ya fi kula da su a kan 'ya'yansa. Na Mama Daso ya ɗan koɗe, amma ya ce cikin duka shi ya fi so.

Na san a addininku wasu suna ganin abin da nauyi, ba na raina wannan. Sai dai mutum ne tsoho mara lafiya, kuma ya riƙe ka a matsayin aboki. In ka yarda ka aiko da lambar wayar wani na kusa da kai, in kira, mu yi magana baki da baki.

A gaida mutanen gida.

Taka 'yar,
Debora Titus

*

Iku, Suleja
Asabar, 17 ga Agusta

Debora,

Na karɓi ta'aziyya. Ciwon ubanki kuma Allah ya sa kaffara ne, don yana da abin kankarewa.

Sau uku Mu'azu yana tsayawa cikin karatun takardarki, sai na daka masa tsawa yake ci gaba. Yarinya, ke wace irin tarbiyya aka yi miki? Ki zauna ki rubuta wa miji cewa matarsa ce ta roƙa? Ki gaya mini wuri, ki gaya mini rana, har da awa? Ina kwari ina karya bayana a kan dawar da za su ci, su kuma suna gindin ɗorawar da ubana ya bar mini! Sa'an nan ki ce wai in rage zafi, don ba ita kaɗai ba ce, talatin ne. Matan Iku talatin! Na san mazajensu, da yawa mun yi sallah sahu ɗaya, wasu sun mutu suna yabon matansu. Uwarki kuma ta gani ta yi dariya. To, ban san irin gidanku ba.

Kin ce wasu a addininmu suna ganin abin da nauyi. A naku addinin fa, mara nauyi ne? Ina da maƙwabta masu zuwa coci, Zakariya kafinta shekara ashirin muna katanga ɗaya, ban taɓa jin ya ce an halatta musu wannan ba.

Bari in gaya miki abin da ban so faɗa ba a takardar farko. Bayan sadakar bakwai, da mata suka zo rabon kayanta, na zauna na sa aka buɗe adakarta a gabana. Zannuwanta na san su ɗaya bayan ɗaya, don ni na saye su. Duk suna nan sai guda. Shuɗiyar atamfa mai ganyen rogo, wadda na saya mata a kasuwar Suleja shekarar da aka haifi Bara'atu, akwai ɗan ƙunar garwashi a bakinta. Ita ce ta koɗe a akwatin ubanki, ko ba ita ba? Mace ba ta kwance abin da ta ɗaura a ƙugu ta bar shi wurin namiji don ya yi mata ajiya.

Waya kuma ba na so. Maganar waya iska ce, a faɗa yau a musa gobe. Takarda ba ta canja baki. Shi ya sa na riƙe ta nas shekara goma sha biyar, yanzu ga taki ta zama shaida ta biyu.

Bara'atu ta sauka shekaranjiya Alhamis. Mace ce. Suna Alhamis mai zuwa, a gidan Salisu a unguwar Wambai, bayan sallar asuba. Jiya ta aiko a gaya mini wai jaririyar har goshin kakarta ta ɗauko. Ta riga ta gaya wa dangi sunan da za a sa. In na ƙi, sai an tambaye ni dalili, ni kuma na gaji da haɗiye. Zan faɗa a gaban liman da kowa, in ya so Bara'atu ta tsane ni, ta san wace ce uwarta. Gonar ma babu ita yanzu, duk an yanka an yi gidajen haya, ɗorawar tuni aka yi katako da ita. Saura ni kaɗai nake gadin wannan magana.

Ki naɗe atamfar ki ba Callistus kafin Alhamis. Da kuɗin gumina na saya, ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin gadonsa ba.

Ɗantala

*

Zonkwa
Talata, 20 ga Agusta

Baba Ɗantala,

Ina gaisuwa. Callistus ya ce ba zai tashi ba sai gobe da rana, na roƙe shi ya kawo maka wannan har gida ko da dare ya yi masa. Don girman Allah kada ka buɗe baki a wurin suna kafin a karanta maka ita.

Babu atamfa a gidanmu. Babu zanen ɗaurawa na kowace mace a akwatin babana. Takardu ne, Baba! Zanen fensir da gawayi, irin wanda ya yi wa ɗorawarka da rumbunka. Hotonta ya zana. Alkawarin da ya karya shi ne na kada ya zana mai rai, ba wani ba. Matan nan talatin daga nesa ya zana su, a bakin rafi da kan hanyar kasuwa, yawancinsu ko fuska babu.

Ka sa wanda ke karanta maka ya faɗi kalmar sau biyu da ƙarfi. Zane na ɗaurawa, baki yakan tsinke shi gajere. Zane na fensir, baki yakan ja shi. A kunne ba sa haɗuwa, ko yaro ba zai ruɗe ba. A boko ne kawai suka zama tagwaye, harafi huɗu iri ɗaya. Nas ta ji daidai, ta rubuta daidai. Mai karatu ne ya zaɓi wanda ya saba da shi. Ni ma da na karanta taka ta farko wanda na saba da shi na zaɓa, don a gidan mai zane na tashi. Ka ce takarda ba ta canja baki. Ba ta da bakin ne ma sam, aron na mai karatu take yi.

Na so in ɓoye wa babana wasiƙarka, ya ga fuskata ya matsa. Da na gama ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya doki gado har kofin magani ya faɗi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da aka binne mamarmu, sai yau. Ba don kansa ba. Sunanta yake ta maimaitawa.

Zan faɗi magana ɗaya da ta fi bakina, ka yafe mini. Ka san babana mai zane ne, damina huɗu kana kallonsa. Amma ko sau ɗaya bai zo maka a rai ba cewa hoto ne, don ka gaskata ba zai taɓa karya alkawarin fensir ba. Ka yarda da alkawarin baƙo, ba ka yarda da na matar da ta haifa maka 'ya'ya ba.

Ga zanen nan tsakanin kwali biyu, kada a ninke shi, kada ruwa ya taɓa. Tana zaune a kan saiwar ɗorawa, ƙwaryar kunu a gefenta. Ba mai zanen take kallo ba, kwari take kallo. In aka bi idonta zuwa kusurwar takarda ta ƙasa, akwai wani ɗan mutum kamar ƙwayar wake, ya sunkuya da fartanya. Baba ya ce ita ta sa a saka shi. Ya ce ka hana ta ɗaukar hoto tun aurenku, ta ce ba ta so ta mutu 'ya'yanta su manta kamanninta. Wannan ne laifin da ta nemi ka yafe.

Shuɗiyar atamfa kuwa ban san inda take ba. Ku nema a gidanku.

Debora

*

Iku, Suleja
Juma'a, 23 ga Agusta

Zuwa ga Malam Titus, ta hannun 'yarsa Debora,

Sallama, da gaisuwa. Wannan karon da zuciya ɗaya.

Motar Callistus ta lalace a Tafa, sai da asubar Alhamis ya same mu a ƙofar gidan Salisu, an riga an shimfiɗa tabarmi ana raba goro. Na ja Mu'azu bayan katanga ya karanta. Da ya kai wurin faɗin kalma sau biyu, ya faɗa, ya sake faɗa, sai ya zauna a ƙasa cikin rigarsa ta Juma'a. Liman ya aiko ana jira. Na je na raɗa masa. An sa wa yarinya sunan kakarta.

Da na shiga ganin jaririya aka ɗora mini ita a hannu. Idona ya yi yana, ba na rarrabe launi sosai, amma yatsana ya faɗa cikin wata 'yar huda a bakin zanen da aka naɗe ta. Ƙunar garwashi. Na ce Bara'atu, ina kika samo wannan? Ta ce, "Baba, ai ni na ɗauke ranar da aka kai Inna, ina shekara goma sha biyu. Ƙamshinta nake ji a jiki. Na ɓoye don kada a raba da shi." Ta ce me ya sa kake tambaya. Na ce ba komai.

Mu'azu ya ce a bar shi ya sa layi biyu. Na ce ya sa a nan, ƙarshe nawa ne.

Ni Mu'azu, shekara arba'in ina ɗinki, in na ga kalmar nan yadi nake gani. Ban yi da gangan ba. Malam Titus ka yafe mini. Wadda ya kamata in roƙa ba ta nan.

To. Kada ka ɗauka ka fita. Alkawari ka yi, ka karya, wannan yana nan. Da ka zo ka gaya mini tun a lokacin, da na yi faɗa na kwana biyu ya wuce. Wanda ya ƙirƙiro rubutun da ba ya bambanta tufa da hoto shi ma yana da nasa kason. 'Yarka kuma bakinta ya yi kaifi. Ban ce ta yi ƙarya ba.

Jiya da la'asar na je maƙabarta. Ban gane kushewar ba, Malam. An yi ta binne mutane, ciyawa ta rufe, mai gadin ma sabo ne. Na tsaya a tsakiya na ce na yafe, sai na ji maganar ta yi mini banbaraƙwai a baki, don ba ni ne mai yafewa ba.

Hoton yana hannuna, amma fensirinka ya fi ƙarfin idona. Na kai shi rana, na kai shi inuwa, toka-toka kawai nake gani. Bara'atu ta kama yatsana ta bi da shi, ta ce nan goshi ne, nan ƙwarya, nan kai ne Baba, ɗan mitsitsi. Ta ce bakin Inna a buɗe yake kaɗan, kamar tana cikin magana.

Awa guda ta zauna a gabanka. Daso ba ta iya shirun awa guda ba. Me take cewa? Tana kallona a kwari, me ta ce a kaina? Kai kaɗai ka rage a duniya da ka ji.

Kada a rubuto. Na gama da takarda. Lambar Salisu tana ƙasan nan, Debora ta kira, ta kara maka wayar a baki. An ce maganarka ba ta fita, to ni ma kunnena ba sauri yake yi ba, zan jira. Ko kalma ɗaya ce ka ja ta yadda ta ja ta. Na yi tambaya shekara goma sha biyar a inda ba amsa, yanzu na san ƙofar. Ka amsa mini, Malam, tun muna da rai mu biyun.

Ni ne,
Mai gona